Leshin da ke rataye a bishiyoyin Point Lobos

Ranar da na fara bin hanyar ƙafa a kurmin Point Lobos, kudu da garin Monterey a gaɓar tekun Kaliforniya, hazo bai gama washewa ba, kuma kusan kowane reshe yana ɗauke da wasu zaruruwa masu koɗaɗɗen launin kore, suna lilo kamar tsummokaran da aka shanya. Nan take zuciyata ta tafi ga kauci, har na tausaya wa bishiyoyin, domin na san yadda kauci yake kafa saiwa cikin reshe yana tsotse ruwansa. Ashe ba haka ba ne. Wannan halitta laikin ce, wato zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin naman gwari da gansakuka: gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana, naman gwarin kuma yana ba ta matsuguni. Ba ta da saiwa, ɓawon itace wurin riƙo ne kawai, ruwanta kuwa daga hazo da ruwan sama take samu.

Tantance irinta ne ya ci mini lokaci, saboda daga nesa tana kama da wata laikin mai suna Usnea, wadda ita ma take zubowa daga rassa kamar gemu. Sai na tsinci wani guntu mai danshi da iska ta kaɗo ƙasa. Zaren Usnea mulmulalle ne, kuma idan aka ja shi a hankali fatar waje takan tsage, wata farar jijiya mai talewa kamar roba ta bayyana. Na ja nawa, ya tsinke babu jijiya ko ɗaya. Da na baje shi a tafin hannuna, sai ga shi falale, cike da ƙananan huji a jere kamar leshin biki, kuma wannan ragar ita ce shaidar Ramalina menziesii, wadda aka raɗa wa sunan Archibald Menzies, likitan jirgin ruwa ɗan Sikotlan.

A 2016 Kaliforniya ta zama jiha ta farko a Amurka da ta ɗauki laikin a matsayin alamarta, kuma wannan ce ta zaɓa. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin halitta ce da ba ta jure gurɓatacciyar iska. Na mayar da guntun gindin bishiyar da na same shi, tunda dokar wurin ta hana fita da ko ganye ɗaya.