Godiya Ga Waɗanda Suka Mayar Da Jirginmu Ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima, Mamobi, Madina, Ashaiman da duk Zangunan Ankara da Kumasi.

Alhamdu lillahi. Jirgin nan mai filafilai da muka daɗe muna gyara a Tema ya koma ruwa ranar Asabar da ta wuce. Mun fita da shi teku, mun ɗaga filafilansa duka, mun dawo lafiya, kuma da muka ɗaga katakon daɓe muka leƙa ƙasa, a bushe muka tarar. Na rubuta wannan ne saboda jama'a na ta yi mini barka kamar ni kaɗai na yi aikin, alhali kuwa hannuwa da yawa ne a ciki, kuma galibin masu hannuwan ba su taɓa kwana a kan teku ba.

Waɗanda suka ga jirgin a farko sun san halin da yake. Tsohon jirgi ne na faiba, tsawonsa kusan mita 11, an ɗora shi kan katakai an bar shi rana da damina. Na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya, amma aikin babban jirgi daban ne. A can akwai injiniya, akwai ɗakin kayan gyara. A nan kuwa jirgin shi ne gida, shi ne abin hawa, kuma duk abin da ya lalace a tsakiyar teku da hannunka za ka gyara shi. Shi ya sa na ƙudura cewa babu ƙusar da za a ɗaura ban ga yadda aka ɗaura ta ba.

Godiyata ta farko ga samarin unguwarmu da suka yi aikin da ya fi kowane wahala, wato gindin jirgin. Faiba idan ta daɗe a ruwa, danshi yana ratsa ta, ya taru a ƙarƙashin fenti, ya yi ƙuraje kamar na ƙyanda. In ka fasa ɗaya sai wani ruwa mai warin tsami ya fito. Dole a fasa su ɗaya bayan ɗaya, a goge da samfefa, a wanke da ruwan famfo sau da yawa, sannan a bari ya bushe sarai kafin a cike da gam ɗin ifoksi. Iskar bakin teku ba ta barin abu ya bushe, don haka sai da muka jira hunturu ya sauko. Yaran nan suna kwance rigingine a ƙarƙashin jirgi, ƙurar faiba na cin fatarsu, ƙyalle a hanci, kuma ba wanda ya taɓa tambayata nawa zan ba shi. Wasu daga makaranta suke zuwa, wasu sun bar rumfar iyayensu. 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da haka.

Sai Baba mai famfo na Ashaiman. Jirgi irin wannan yana da ramuka a ƙasa da layin ruwa, inda injin ke shan ruwan sanyaya kansa da inda ruwan kicin da na bayi ke fita, kuma kowane rami da bawul ɗinsa. Da Baba ya kankare tsofaffin, sai ga ƙarfen ya koma ja-ja, yana marmashewa. Ya ce irin na kasuwa ne da ake sa wa famfon gida, ruwan gishiri ya cinye tutiyar da ke cikinsa ya bar shi holoƙo. Yana da irinsu cike da shago, da ya so da ya sayar mini. Ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, ba zan ba ka abin da zai nutsar da iyalinka ba, je ka nemo na tagulla na ainihi ko da zai ɗauki lokaci." Ni a wurina duk cikin aikin nan babu taimakon da ya kai wannan ƙin sayarwar. Shi ne kuma ya tsaya har aka ɗaura sababbin dunƙulen tutiya a jikin sandar farfela, don gishiri ya ci su maimakon ya ci farfelar.

Ina gode wa maƙeran Magazin na Suame a Kumasi. Wayoyin da ke riƙe jigon jirgi, wato doguwar sandar da ake ɗaga filafilai a kanta, suna ɗaure ne a wasu faifan ƙarfe da suka ratsa jikinsa, kuma da muka ciro su mun ga tsaga siririya daidai inda ido ba ya kaiwa. Na hau mota da tsofaffin a buhu. Maigidan da aka haɗa ni da shi ya nemo ƙarfe mara tsatsa lamba 316, wanda ya fi lamba 304 jure gishiri, ya yanka, ya huda, ya goge, ramukan suka zauna daidai ba tare da an ƙara ko an rage ba. A gidansa na kwana, iyalinsa suka ba ni tuwo da miyar ayoyo. Wayoyin kansu ma duka muka sake su, domin ba a san shekarunsu ba, kuma masana kan ce a canja su bayan kamar shekara 10.

Bakaniken da ya tashi injin dizal ɗin, motocin trotro ya saba gyarawa. Ya wanke tankin mai da ya cika da laka, ya sa matata biyu a jere, ya kuma zaunar da ni sai da na iya cire iska daga bututun mai da canja robar famfon ruwa ba tare da ya sa mini hannu ba. Na gode, Usta. Na gode wa 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai da suka yi ta tono mana kayan da ba a cika tambaya ba, da ƙanena mai wayarin da ya haɗa sola da batura, ya rubuta suna a jikin kowace waya.

Kafintanmu ya zaɓo odum a kasuwar katako da kansa, domin katako ne mai jure danshi. Ya gane da wuri cewa ɗakin da ke tangaɗi ba a yi masa kusurwa mai kaifi, kowace durowa sai da sakata, kuma duk inda mutum ya miƙa hannu ya tarar da abin kamawa. Tukunyar gas ya yi mata akwati a waje mai rami a ƙasa, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya cikin jirgi kwanciya yake a ƙasa. Telan Nima mai ɗinkin rumfunan biki shi ya sake bin filafilan da zare mai jure rana. Kusurwoyin da keke ya kasa hudawa da hannu ya ɗinke su.

Maƙwabtanmu masunta, 'yan ƙabilar Ga, ba sa fita kamun kifi ranar Talata, sai suka mai da ranar hutunsu ta zuwa wurinmu. Su suka koya mini wasu ƙulle-ƙullen igiya, su suka nuna mini inda duwatsu suke a bakin ruwa, kuma kwalekwalensu ne ya raka mu ranar gwaji. Allah ya cika musu komarsu.

Abokan aikina na da, tsofaffin ma'aikatan jirgi, sun yi karo-karo suka saya mana kwalekwalen ceto mai hura kansa, da na'urar da ke aika kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam, da rediyon da za mu riƙa sauraron tasha ta 16 da shi, wato tashar kiran gaggawa ta jiragen ruwa. Ina roƙon Allah kada ranar amfani da na farkon biyun ta zo.

Liman na masallacinmu ya zo har Tema da ɗalibansa, aka yi saukar Alƙur'ani, aka karanta addu'ar da Annabi Nuhu ya yi da zai shiga jirgi. Ya zaunar da mu ya yi mana bayanin sallar matafiyi, da yadda ake fuskantar alƙibla a cikin jirgi, ya kuma tabbatar mana alwala da ruwan teku ta inganta. Wannan ya sauƙaƙa mana lissafin ruwan sha ƙwarai. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Hajiya maƙwabciyarmu kuwa kullum da asuba kokonta da ƙosai na gaba kafin mu kama hanya, ba ta taɓa karɓar ko sidi ɗaya ba.

Uwargida, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin ji maganganun mutane, kin shanye. Kin sa jarin sana'arki a cikin jirgin nan, kin koyi riƙe sitiyari, kin ɗinka katifu da labule, kin lissafa garin rogo da shinkafa da wake da za su ishe mu. Sannan Inna. Ta daɗe ba ta son a yi zancen tafiyarmu a teku a gabanta, kuma tana da gaskiya, uwa ce. Na riga na faɗa wa kowa cewa in ba ta yarda ba jirgin ba zai bar Tema ba. Ana saura kwana kaɗan a saka shi ruwa ta ce a kai ta. Ta shiga, ta duba wurin kwana, ta duba murhu, ta tambayi inda za mu riƙa salla, sannan ta ɗora hannu a kaina ta ce Allah ya kai mu ya dawo da mu. Inna, Allah ya bar mana ke.

In Allah ya yarda tafiyar farko tsibirin Sawo Tome za mu nufa, tazarar kusan mil 500 na teku kudu maso gabas da Tema. Iska a nan galibi daga kudu maso yamma take busowa, igiyar ruwan Gini kuma gabas take ja, don haka zuwa zai fi dawowa sauƙi. Mun san labarin 'yan fashin teku a wannan yanki, za mu yi nesa da gaɓa, kuma hukumomin ruwa za su san ranar tashinmu da hanyarmu.

Kafin nan, kamar yadda aka saba ga mai tafiya, duk wanda ke bina kuɗi ko wani kayan aiki da na ara, don Allah ya same ni a masallacin unguwa bayan Magariba, ko ya faɗa wa yayana. Wanda kuma ke son ganin jirgin, ranar Lahadi muna Tema daga hantsi zuwa La'asar, a zo da yara, akwai rigunan ceto daidai su.

Na gode, na gode. Allah ya saka wa kowa da alheri.