Darussan da na koya a sarin cuku mai laushi, mai shuɗi da na akuya

Na ajiye aikina a sashen cuku na kamfanin da nake yi wa hidima, kuma tun da abokan aiki da wasu daga cikin masu saye a hannunmu suna ta tambayar dalili, na ga gara in rubuta abin da na fahimta domin wanda zai gaje ni ya samu abin dubawa. Ba zan tsaya kan karɓar oda, ƙirga kwalaye ko tsara motocin rabo ba, domin duk wanda ya taɓa aiki a bakin ɗakin sanyi ya san waɗannan. Abin da nake son a riƙe shi ne cewa mai kai cuku mai laushi otal-otal da gidajen abinci, lokacin nunar cukun yake sayarwa, kuma shugaban da ya ƙi yarda da haka zai jawo asara, sannan ya nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Manajan da aka kawo mana daga sashen kayan gwangwani da busassun kaya ya fito. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, mutum ne da ya iya ciniki, kuma ya san yadda ake matsa wa mai kaya har ya yi rangwame. Sai dai duk ƙwarewarsa a kan kayan da ke zama wata da watanni a sito ba tare da sun canza ba ya same ta, kuma da wannan idon ya kalli Brie da Camembert, cukun Faransa masu laushi da farin ɓawo. Da aka yi masa tayin ragi mai tsoka idan ya ninka odar da muka saba yi gabanin hadahadar ƙarshen shekara, sai ya amince nan take, ya kafa hujja da ranar lalacewa da ke rubuce a jikin kwali.

Duk wanda ya san wannan cuku ya san ranar da ke jikin kwali kaɗan take faɗa. Farin ɓawon Brie da Camembert fumfuna ce mai rai, wadda masana ke kira Penicillium camemberti, kuma ita ce ke nunar da cukun daga waje zuwa ciki. Da farko tsakiyarsa tana da tauri da ɗan tsami, sannu a hankali laushin yana shiga har ya game ko'ina, daga nan kuma sai ya zarce, ya fara zuba, ɓawon ya yi ja-ja, warin amoniya ya tashi, ɗanɗanon ya koma ɗaci. Tsakanin ɗanye da zarcewa makonni kaɗan ne, kuma a cikin waɗannan makonni ne kawai mai dafa abinci a otal yake son kayan su iso hannunsa. Sanyi yana rage saurin wannan tafiya amma ba ya tsayar da ita. Girma ma yana da tasiri, domin Camembert mai nauyin giram 250 da faifan Brie de Meaux da ke kusan kilo uku ba sa nuna tare ko da rana ɗaya aka sauke su, kuma faifan Brie da aka yanka tun bai nuna ba da wuya ya ƙarasa nuna yadda ya kamata.

Na bayyana masa duk wannan a ofishinsa. Amsar da ya ba ni ita ce, “Malam, kai dai ka sayar, lissafi nawa ne.” Na ce, “Yallaɓai, rabin kayan nan za su zarce kafin mu samu mai ɗauka.” Bai ƙara cewa komai ba, kuma odar ta tafi yadda ya so.

Da kayan suka iso sai ya ƙara wasu matakai biyu da suka gaggauta ɓarnar. Ya lura cewa cuku yana rage nauyi a ajiya saboda ruwan da ke fita daga jikinsa, mu kuma da kilo muke sayarwa, don haka ya ba da umarni a naɗe kowane faifai da leda mai manne wa. Fumfunar ɓawo tana buƙatar iska, shi ya sa masu yin cukun suke naɗe shi da takarda ta musamman mai barin iska ta ratsa, su sa shi cikin akwatin katako marar kauri. A cikin leda ɓawon ya jiƙe ya yi yauƙi, amoniyar da ya kamata ta fice ta taru a ciki. Sannan, domin a rage kuɗin wuta, ya sa aka kashe ƙaramin ɗakin sanyi aka haɗa cuku mai shuɗi da mai farin ɓawo wuri ɗaya, alhali ƙwayoyin fumfunar shuɗi suna yawo a iska suna sauka kan duk abin da ke kusa. Ba a daɗe ba ɗigon shuɗi-shuɗi ya bayyana a kan fararen ɓawon da ba a kai ga naɗewa ba.

Wani babban otal da muka daɗe muna hulɗa da shi ya dawo da kayansa gaba ɗaya, ya kuma dakatar da oda. A taron da aka kira, manajan ya ce sakacina wajen fitar da tsohon kaya kafin sabo ne ya jawo haka, aka kuma ba ni takardar gargaɗi a gaban yaran da ni na koya musu yadda ake danna gefen cuku da yatsa a gane nunarsa. Gargaɗin da na yi masa da baki na yi shi, a ofis, ba kowa a wurin, don haka da na tuna masa sai ya ce bai tuna an yi wannan magana ba. Tun daga ranar duk shawarar da ta shafi yawan oda, yanayin sanyi ko naɗi a rubuce nake aika ta, da kwanan wata, kuma ina ba duk wanda ke ƙarƙashin shugaban da bai san kayan ba shawarar ya yi haka tun kafin ya ga alamar rigima.

Cuku mai shuɗi ya fi haƙuri da ajiya, amma shi matsalarsa a wajen oda take. Mai saye yakan ce a kawo masa mai shuɗi kawai, kamar abu ɗaya ne, alhali Roquefort daga ɗanyar madarar tumakin Lacaune ake yin sa, ana nunar da shi a kogunan Roquefort-sur-Soulzon a kudancin Faransa, kuma shi ne cukun farko da dokar ƙasar ta kare sunansa a 1925. Stilton na madarar shanu ne da aka dumama, kuma a gundumomi uku na Ingila kaɗai aka yarda a yi shi, wato Derbyshire, Leicestershire da Nottinghamshire. Gorgonzola na Italiya iri biyu ne, mai laushi marar zafi da kuma tsohon mai kaifi, kuma wanda ya aika wa kicin ɗaya a madadin ɗayan zai ga kayansa sun dawo. Tambayar da ta fi amfani ita ce me za a yi da shi. Idan narkarwa za a yi, Danablu na Denmark ya wadatar, kuma a ganina ɓarna ce a sayar wa mutum Roquefort don ya narkar da shi, ko da kuwa ribarmu ta fi yawa a can. Haka kuma idan sanyi yana hawa da sauka a mota, mai shuɗi yakan zubar da ruwan gishiri a cikin naɗinsa, mai saye kuma ya ɗauka lalacewa ce.

Na akuya kuwa da lokacin shekara yake tafiya. A Turai awaki suna haihuwa ne a ƙarshen hunturu zuwa bazara, madara ta yawaita har zuwa kaka, sannan ta ja baya. Manyan masana'antu suna cike giɓin da daskararren kindirmon da suka ajiye ko ta hanyar sauya lokacin barbarar awaki, amma ƙaramar gona ba ta da wannan hali, saboda haka kuskure ne a sa hannu a kwangilar kawo kayanta wata goma sha biyu ba yankewa. Manajan namu ya yi irin wannan alkawari, ni kuma aka bar ni da ba masu saye haƙuri. Crottin de Chavignol, ƙaramin cukun akuya mai nauyin kusan giram 60 ko sama da haka kaɗan, yana ƙanƙancewa yana ƙara kaifi yayin da yake bushewa, don haka da ɗaiɗai ya kamata a sayar da shi, a kuma tambayi mai saye ko sabo yake so ko tsoho. Karan da ke ratsa tsakiyar Sainte-Maure de Touraine shi ke riƙe shi, kada yaran sito su zare shi.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙwayar cutar Listeria tana iya yaɗuwa ko a cikin firji, kuma cuku mai laushi na daga cikin abubuwan da ta fi kamawa, don haka lambar kowane rukunin kaya da sunan wanda aka kai wa su kasance a rubuce koyaushe, domin a iya bin sawun kayan idan matsala ta taso. Dokar ɗanyar madara ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amurka, alal misali, ba ta yarda da cukun ɗanyar madara da bai kai kwana 60 ba. A nemi takardar da ke nuna asalin sinadarin daskarar da madara, na cikin ɗan maraƙi ne ko na ƙananan halittu irin su fumfuna, domin masu saye da yawa suna tambaya saboda addini ko saboda ba sa cin abin da ya fito daga yanka.

Kafin in bar wurin an daina naɗi da leda, an kunna ƙaramin ɗakin sanyi an mayar da mai shuɗi can, kuma oda ta koma kaɗan-kaɗan a kai a kai kamar yadda na nema tun farko. A rahoton da aka aika wa shugabannin kamfani an rubuta waɗannan a matsayin gyare-gyaren da manaja ya kawo. Otal ɗin ya dawo da odarsa bayan na je da kaina na zauna da shugaban kicin ɗinsu, takardar gargaɗin kuwa har ranar da na miƙa makullai tana cikin fayil ɗina.