Kafin ka kai fulayarka Asafo a buga

Duk lokacin da sallah ta matso ko watan Maulidi ya kama masu buga takarda a unguwar Asafo da ke Kumasi ba sa samun sukuni, teloli na son fulaya, masu shirya Maulidi na son fosta, makarantun islamiyya na son bana, wato ƙyallen sanarwa, ta saukar karatu, kowa ya taho da aikinsa a cikin waya. Kuma rigimar da ake yi a wurin kusan kullum ɗaya ce, mutum ya karɓi aikinsa ya ce kai, ai ba haka kalar take a wayata ba.

To ba laifin mai injin ba ne. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, injin bugu kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK, kuma akwai kalolin da tawada ba za ta taɓa kamowa ba, musamman koren nan mai ƙyalli da muke so a fostar addini. Saboda haka tun wajen buɗe sabon shafi a manhajar zane ta CorelDRAW ka zaɓi CMYK, abin da ka gani ya ɗan dusashe shi ne gaskiyar abin da zai fito. Ƙananan rubutu baƙi ka sa shi K 100 kawai, wato baƙar tawada zalla, in ka haɗa shi da sauran tawadar ukun to injin na ɗan gocewa za ka ga harafi ya yi inuwa.

Girman takarda ma a fara da shi. A5 milimita 148 ne da 210, A6 kuma 105 da 148, sai ka ƙara milimita 3 a kowane gefe ka ja kalar bayan ta fita har can, don wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, in babu wannan rarar sai farin zare ya fito a bakin takardar. Lambar waya kuma ka janye ta daga gefe.

Hoto fa? Dan Allah a daina turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, a waya ka ga ya yi kyau amma a takarda fuskar malam ta dagule. A turo shi a matsayin fayil. Fulaya tana son hoto mai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, bana da za a rataye a saman titi ba ta buƙatar haka tunda daga nesa ake kallonta.

Abin da ya fi damuna ni dai shi ne haruffanmu. Yawancin salon rubutun kwalliyar nan da ake saukewa kyauta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta ɗinki sai kwamfuta ta aro harafin farko daga wani salon daban ya tsaya shi kaɗai kamar baƙo a gidan biki, ko kuma ya fito ɗan akwati babu komai ciki. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su kuma kyauta ne, ka gwada rubuta kalma ɗaya mai lanƙwasa kafin ka gina duk aikin a kan salon. Larabci ya fi wannan haɗari, wasu tsofaffin manhajoji suna wargaza haruffan su jera su daga hagu, kuma mai injin wataƙila ba ya karanta Larabci ba zai lura ba, haka za a buga aya a birkice a manna a bangon masallaci a unguwar Aboabo. Ka nuna wa malami ya karanta tukuna. In komai ya zauna sai ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl+Q a CorelDRAW ya koma zane, ta haka ko babu salon a kwamfutarsu ba abin da zai canza, amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba ka mayar ba don bayan nan ba ya gyaruwa.

Masu zane da manhajar Canva ban hana ku ba, sai dai wajen saukewa ku zaɓi PDF na bugawa ku kunna alamar yanka, kar ku kawo JPG. Mai kwamfuta da ba shi da kuɗin lasisi akwai manhajar Scribus kyauta.

Sannan a rage surutu a takarda, wallahi wanda ke cikin trotro, wato motar haya, zuwa kasuwar Kejetia ba zai karanta tarihin shagonki ba Hajiya, me kike sayarwa, a ina, wace lamba, in akwai ta MoMo ta tura kuɗi a waya a sa, salon rubutu biyu sun isa. In kwastomominki har da Asantawa to layi ɗaya na Turanci ko Twi a ƙasa ba zai rage komai ba.

Kafin a saki injin ka ce su fitar maka da guda ɗaya, ka ɗauki wayarka ka buga lambar da ke jikin takardar lamba bayan lamba ka ji ko wayar mai shagon ce za ta yi ƙara, sannan ka ce a buga sauran.