Dabarar yaron shago, wa ke da ita?

Sana'ata ƙera injina ce a Kano: injin casar shinkafa, na niƙa, da na matse man gyaɗa. Masu sayen na casa galibi daga Kura da Garun Malam suke zuwa, kuma kukansu bai wuce raga ba, wato ƙarfen nan mai huji-huji da ke tace dusa a cikin injin. Ba ta daɗewa take cinyewa, kuma a da sai an kwance kan injin gaba ɗaya kafin a sauya ta. A lokacin kaka, mai injin ya yi asarar yini guda ke nan, ga buhuna jibge a ƙofarsa, ga mata masu turara shinkafa suna ta ƙorafi.

Wani yarona mai walda ne ya kawo maganin abin, yaron da ko sakandare bai gama ba. Ya yanka gefen murfin injin, ya kafa masa kusoshi biyu masu zarewa, ya yi wa ragar hanya tana shiga tana fita kamar aljihun tebur. Da ya gama sai ya ce mini, "Maigida, a gwada. In bai yi ba, a cire kuɗin ƙarfen a albashina." Yanzu ko yaron mai injin zai iya sauya raga ba tare da an kira makanike ba.

To, dabarar ta wa ce? Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na maigida ne. Amma dokar ta ƙara da cewa in ba don ƙirƙira aka ɗauke shi aiki ba, kuma da kayan shago ya yi, to yana da haƙƙin a saka masa daidai gwargwado, a kuma rubuta sunansa a takardar mallaka. Masu shaguna da yawa ba su san da wannan ba. Wasu kuma sun sani, suna kau da kai. Ni dai duk injin da ya fita da murfin nan, akwai rabonsa a ciki.

Hukumomin tallafi kuwa akwai su. NOTAP, hukumar samowa da bunƙasa fasaha, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajistar mallaka, SMEDAN tana nan tun 2003 don ƙananan masana'antu, akwai kuma cibiyoyin renon fasaha na gwamnatin tarayya, har da guda a nan Kano. ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata wadda aka kafa a 1971, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi daga kamfanoni, ta mayar musu da wani kaso in sun horar da ma'aikatansu.

Sai dai irin wannan tallafi yakan bi ta hannun mai rajistar kamfani, wato ni. Abin da yaron shago yake buƙata ɗan ƙarami ne: ƙarfen gwaji da zai lalata ba a tuhume shi ba, sandar walda, da man janareta na yammacin da ba aikin kwastoma. Da gwamnati za ta ware kuɗi kaɗan don wannan, a ba da shi ta hannun ƙungiyoyin maƙera da sunan wanda ya kawo dabarar, da an ga aiki.

Rajistar mallaka kam ba mu yi ba. Kafin mu gama shawara, maƙeran layinmu duk sun kwaikwayi murfin, wasu ma sun ƙara masa roba don hana ƙura fita.