Laraba, rana ta goma sha ɗaya da fara gyaran ɗakin karatun tsangayar shari'a

Ƙarfe bakwai da rabi na isa, na tarar Baba mai gadi ya riga ya buɗe wa magina. Tun daga bakin ƙofa ƙurar siminti ta haɗu da ta hunturu, ga ƙarar injin yankan tayil kamar ana fiƙe wuƙa a cikin kunnena. An raba zauren biyu da tamfol: yamma ɗalibai na karatu, gabas ana fasa daɓe.

Ɗan kwangila ya so a rufe masa ɗakin karatun wata biyu. Ba zai yiwu ba. 'Yan aji biyar suna kan furojet, jarrabawa ta ƙarato, kuma kundayen hukunce-hukuncen kotu ba a ba da aronsu, a nan ake karanta su a bar su. Ga masu tantancewa daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Ilimin Shari'a suna tafe, kuma ɗakin karatu na cikin abin da suke dubawa kafin su yanke yawan ɗaliban da za mu iya ɗauka.

Abin da ya ɓata mini rai jiya da yamma ya faru, bayan na tashi. Leburori suka kwashe kantocin gabas ba su jira ni ba, suka jera littattafan cikin kwalaye bisa tsayi da launi. Tsakaninsu da Allah gani suke sun kyauta. Amma NWLR, kundin hukunce-hukuncen kotunan Nijeriya na mako-mako wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, jeri ne mai lamba, kashi bayan kashi, sun haura dubu. Wanda ya zo nema da lamba yake zuwa. In jeri ya wargaje, littafin yana ɗakin amma kamar babu shi.

Ƙarfe goma kuwa sai ga wata ɗaliba, takunkumi a fuska.

“Malam, don Allah shari'ar Savannah Bank da Ajilo nake nema, ta 1989, kashi na 97.”

Na san ta sarai, ita ce wadda Kotun Ƙoli ta yi magana kan izinin gwamna kafin jinginar da fili, ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Na ce ta duba a intanet. Ta ce tun safe babu wuta a ɗakin kwamfuta, mai wayarin ya cire layin. Muka durƙusa ni da ita muna buɗe kwali. A na goma sha huɗu muka same shi, kwance tsakanin Muwaɗɗa da wani ƙamus, wai don tsayinsu ɗaya.

Na kira shugaban magina. Dattijo ne, ban ɗaga murya ba.

“Baba, daga yau kada a taɓa kanta sai ina tsaye.”

“To, Malam, amma ka riƙa zuwa da wuri. Siminti ba ya jiran mutum.”

Gaskiyarsa. Muka shirya: kowace kanta kwalinta, in rubuta lamba a jiki, su ɗauka da baro.

Bayan azahar da aka janye kantar da ke jikin bangon da ke yoyo duk damina, sai ga aikin gara. Ta ci bayan juzu'i biyu na Dokokin Arewacin Nijeriya na 1963, ta shiga cikin tsofaffin gazet. Shekara nawa ina wucewa ta gaban kantar nan ina kaɗe ƙurar fuskarta, ban taɓa leƙa bayanta ba. Wannan kam ba laifin lebura ba ne. Na ware su a ofis, na nannaɗe da takarda, gobe in kai wa mai ɗinkin littafi ya ga abin da zai ceto.

Ɗalibai dai sun ba ni mamaki. Wani ya toshe kunne da auduga yana haddace sassan Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka, fenti na ɗiga kusa da takalminsa, ko gezau.

Na rufe ƙarfe shida, kwali arba'in da biyu sun sami lamba, saura wajen talatin. Maƙogwarona kamar na haɗiyi yashi. Gobe za a sauke silin na tsakiya, don haka sai in fito tun shida da rabi, in biya in sayi wani alƙalamin maka, wannan ya bushe.