A makwancin shanu nake kwana a Ingila

Laifina ne da na tura hoton ɗakina a zauren WhatsApp na gidanmu. Ko minti biyar ba a yi ba Yaya ya rubuto: "Malam, wannan kango ne ko turke?" Aka yi ta dariya. Inna ce kaɗai ba ta dara ba, ta kira ni murya na rawa: "Auta, faɗa min gaskiya, kuɗin haya ne ya gagara?"

Abin haushin, Yaya ya canka daidai. Gidan gonar da nake haya a Dartmoor, cikin yankin Devon, dogon gini ne guda a kan gangare, an yi shi da dutse irin na Kufena. A da, mutane ke zama a ɓangaren tudu, shanu a na gangare, don fitsari da kashi su bi kwata su fice. Ƙofa ɗaya suke shiga, mai gida ya yi nan, saniya ta yi can. To, ɓangaren shanun ne aka gyara ya zama ɗakina. Kaurin bangon ya kai kamu ɗaya da rabi, ƙofa kuwa gajeruwa, sau uku tana fasa min goshi.

Tsohuwar da ke da gidan ta kai ni wani tsohon gida da ake kira Higher Uppacott kusa da ƙauyen Poundsgate, mai irin wannan gini tun ƙarni na 14, wanda hukumar gandun Dartmoor ta saya a 1979. Cikin jinkarsa baƙi ƙirin, saboda a tsakar ɗaki ake hura wuta kafin a yi wa hayaƙi mafita. Wannan kunkunniyar ita suke nuna wa baƙi da alfahari! Da na ba tsohuwar shawarar ta shafe bangonta da siminti, kallon da ta yi min har yau yana min ciwo. Ko taga ba ta isa ta canza ba sai da izinin hukuma.

A daren nan soron Kaka na Zariya ya faɗo min a rai, da azararsa da sanyinsa a tsakiyar bazara. Ni na tura kuɗin da aka rushe shi aka sa bulo da kwano, har ina jin kaina. Yanzu Inna a tsakar gida take kwana saboda zafi. Jiya na tambaye ta ina aka kai azarar, ta ce ai tuni aka dafa tuwon sunan ɗan Yaya da ita.