Na dawo lafiya daga Porterville: godiya ga mutanen Agege da Mile 12

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, na dawo Legas daga gasar shawagi a sama da lema, wato paragliding, da aka yi a Afirka ta Kudu. Ina gida Agege, ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji amma ina takawa. Tun da na sauka a filin jirgin Murtala Muhammed wayata ba ta huta ba, kuma in na ce sai na bi kowa gida-gida na yi godiya, azumi zai riske ni ban gama da Zango ba. Shi ya sa na rubuta a nan, kowa ya ɗauki rabonsa.

Sai dai akwai labari biyu da suka riga ni isowa, bari in gyara su tukuna. Ban ciwo kofi ba. Wanda ya baza a teburin mai shayi cewa ni ne na ɗaya a Afirka, Allah ya saka masa da alheri bisa kyakkyawan zato, amma sunana can ƙasa yake a jerin sakamako, na fi kusa da na ƙarshe. Sannan ba daga jirgin sama muke dirowa ba. Babu jirgi, babu inji. Dutse ake hawa da mota, a shimfiɗa lema a ƙasa, a jira iska ta fuskanto mutum, a ja igiyoyi ta cika ta miƙe bisa kai, a ɗan taka da gudu, shi ke nan ƙafa ta rabu da ƙasa.

An yi gasar a Porterville, wani ƙaramin garin manoman alkama a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, tafiyar kamar awa biyu a mota arewa da Cape Town. Daga wata mashigar dutse da ake kira Dasklip ake tashi. Watan Disamba da muke fama da hazon hunturu a nan, can tsakiyar bazara ne, rana na dukan gonakin da aka girbe, iska mai zafi na tashi daga cikinsu. Wannan iskar ce man tafiyarmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mayankar Oko-Oba da hantsi ya ga shirwa na kewaya wuri guda tana ƙara sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba, to ya ga aikinmu. Mu ma haka muke samun ginshiƙin iskar da ke hawa mu yi ta juyawa a cikinsa, wata 'yar na'ura da muke kira bariyo tana ƙara a gabanmu. In kukanta ya yi sauri, hawa ake yi. In ya koma gurnani, ƙasa na kira.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga Baba da Inna take. Baba bai taɓa son wannan abu ba, kuma bai ɓoye mini ba. Ranar da na fara kawo masa maganar gasa, tambaya ɗaya ya yi: "Me ka rasa a ƙasa da za ka nema a sama?" Na yi shiru, don ba a musu da Baba. Daga baya shi da kansa ya sa na kwance jakar a tsakar gida, ya duba hular kwano, ya duba oba-oba, ya tsaya kan lemar ko-ta-kwana da ke naɗe a jikin mazauni, wadda ake jefawa in babbar ta ƙi. Da na ce masa ba a barin kowa ya shiga gasa ba tare da ita ba, sai ya ce, "To, ashe suna da hankali." Daga nan ya sa mini albarka. Baba, na san da ƙyar ka furta ta, kuma na san don ni ka danne zuciyarka. Allah ya ƙara girma, ya ja da rai.

Kawu kuwa, shi ya jawo duk wannan, ko da yake yanzu yana musantawa a gaban Inna. Shi ya ɗauke ni rakiyar fataucin goro zuwa Gana, muka bi ta Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, har muka dangana da Nkawkaw daidai lokacin Ista. A can na fara ganin mutane na tasowa daga dutsen Odweanoma da ke Atibie, a bikin shawagin yankin Kwahu da ake yi tun 2005, suna sauka a filin ƙwallo. Na biya aka ɗauke ni goyo, ni a gaba matuƙi a baya. Kawu yana ƙasa yana salati. Goron da ya zaunar da kakanninmu a Agege shi ya kai ni gindin dutsen nan, don haka mai neman wanda zai yi wa faɗa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kawu, na gode.

Kuɗi. Ba na jin kunyar faɗa, aljihuna kaɗai ba zai kai ni ba. Akwai tikitin jirgi zuwa Johannesburg, kusan awa shida a sama, sannan wani zuwa Cape Town. Akwai kuɗin shiga gasa, da inshora, da lasisin wasanni na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905 take da mazauni a Lausanne, da izinin wucin gadi na SAHPA, ƙungiyar masu shawagi da lema ta Afirka ta Kudu, da baƙon matuƙi ke karɓa kafin ya tashi a ƙasarsu. Alhaji, maigidana a kasuwar Mile 12, ya ba ni hutu a lokacin da motocin albasa ke sauka ba dare ba rana, kuma bai taɓa mini albashi ba. 'Yan layinmu suka yi karo-karo, har da masu dako waɗanda na fi su samu, abin da har yanzu in na tuna sai in ji nauyi. Yayana ɗan canji a Ikeja ya haɗa mini kuɗin Rand bai ci ko kwabo a kaina ba, kuma wanda ya san 'yan canji ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Akwai kuma yaran bakin teku. Legas shimfiɗe take, ba dutsen tashi, sararin saman Agege kuma na jiragen da ke sauka Ikeja ne. Abin da ya rage mini a nan shi ne atisayen ƙasa: in je bakin ruwa wajen Eleko da sassafe ranar Lahadi, in ɗaga lema bisa kai in riƙe ta a iskar teku, in saukar, in sake ɗagawa, har hannu ya san halinta ba sai ido ya duba ba. Ƙannena biyu da abokansu su ke riƙe mini gefe, su kakkaɓe yashi, su warware igiya in ta harɗe. Telan layinmu ya ɗinka mini tutar gane iska da ragowar yadi, ya ƙi karɓar kuɗi. A Dasklip, inda iska ke zuwa da fizga kuma mutane na layi a bayanka suna jiran ka tashi, wannan wasan yashin ne ya fitar da ni kunya.

Ga masu tambayar yadda ake gasar, tun da kuɗinku ne ya kai ni, haƙƙinku ne ku sani. Mako guda ake yi. Kowace safiya kwamiti zai duba hasashen yanayi ya tsara hanyar ranar, sau da yawa kilomita 60 zuwa 100, da zango-zango da dole a taɓa. Zangon ba tuta ba ce ko wani gini, da'ira ce a cikin na'urar GPS, in ka shiga ta sai na'urar ta yi ƙara ka juya zuwa na gaba. Kowa zai tashi ya taru a sama yana kewayawa har lokacin buɗe ƙofa ya yi, sannan a ɗunguma gaba ɗaya. Da yamma a karɓi bayanan na'urar kowa a lissafa. Mafi yawan abin da rana ɗaya ke bayarwa maki 1000 ne, ana raba shi tsakanin nisan da ka ci, da saurinka, da jagorancin da ka yi a gaba. Shiga cikin gajimare haramun ne a dokar gasa, don ba ka ganin na kusa da kai. Ranar da iska ta yi yawa kuwa sai a soke, a sauko da mota kamar yadda aka hau, kuma an yi mana hakan. Ana kasa lema aji-aji ne, daga ajin A na masu koyo zuwa sama. Ni lemata 'yar ajin C ce. Manyan gwanaye na tuƙa 'yan ajin CCC, sirara masu gudu, in suka taka igiyar totur sai dai ka hango bayansu. Ranar da na kai ƙarshen hanya, bayan mun tsallaka duwatsu zuwa kwarin Citrusdal mai gonakin lemu, na tarar waɗansu har sun naɗe kaya sun ci abinci. Ban damu ba. Na yi sujada a filin nan kowa na kallo.

Malam, limamin masallacinmu, na gode da zaman da ka yi da ni kan sallar matafiyi. Ana buɗe tashi wajen tsakar rana, mutum kuma yana iya kai wa la'asar a sama, don haka bayaninka kan kasaru da haɗa salla ya sauke mini babban nauyi. Haka iyalan nan Musulmi na unguwar Bo-Kaap da suka sauke ni a Cape Town ba su san ni ba, suka kai ni masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, mafi daɗewa a ƙasar, suka cika mini jaka da guzurin halal don sun san abin da zan tarar a ƙauye. Ba sa jin Hausa, amma zan sa a fassara musu.

Sai ranar da ta tayar wa kowa hankali. Kowane ɗan gasa ana ba shi 'yar na'urar bibiya, ana ganinsa a taswira ta intanet kamar ɗigo yana tafiya. Ƙanwata ta saita wa Inna a waya, ashe kullum ana zaune a tsakar gida ana bin ɗigon nan har da maƙwabta. Ran nan iska ta ƙarfafa da yamma, na rasa abin hawa tsakanin Porterville da Eendekuil, na zaɓi wata gonar alkama da aka girbe zan sauka. Saura kaɗan in taɓa ƙasa guguwa ta taso a gefena. Yankin an san shi da ita, ana gargaɗi a kanta tun taron farko. Ɓangare ɗaya na lemar ya naɗe, na danne ɗaya gefen don kada ta juya da ni, ta buɗe, amma tazarar ta ƙare. Na sauka da ƙarfi a kan ƙafar hagu. Inna ta ce dama tun muna yara take hana mu shiga guguwa, kuma ita ta san su wa ke ciki. Ban ja da ita ba.

Wurin ba sabis. A dokar gasa, in ka sauka lafiya dole ka tattare lemarka nan take, don lemar da aka bari a shimfiɗe alama ce ta neman agaji. Na bar tawa a shimfiɗe. Wata matuƙiya 'yar Jamus da ke samana ta gani, ta sanar ta oba-oba, ta bar tserenta ta sauko kusa da ni. Doka ta tanadi a rama wa mai irin wannan saukar makinsa, amma lokacin da take sauka cikin iskar da ta kayar da wani, ba lissafin maki take yi ba. Ta ɗaure mini ƙafa, ta naɗe mini kaya. Wani ma'aikacin gonar, dattijo mai jin Afirkans kawai, ya zo da a-kori-kura da gorar ruwa ya fitar da mu bakin titi, inda motar kwasar 'yan gasa da ma'aikacin lafiya suka same mu. Ban san sunansa ba, na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna.

Duk wannan lokacin ɗigo na tsaye wuri ɗaya a wayar Inna. Sai da na dawo na ji sauran labarin: yadda gidanmu ya cika kafin magariba, yadda Malam ya sa aka yi addu'a bayan salla, yadda matan layi suka zauna da Inna da maiɗakina ba wadda ta koma ɗora tukunya, yadda wani ɗan'uwa ya yi ta kiran lambar masu gasa da katinsa har aka ɗauka. Maiɗakina ba ta yi kuka a gaban yara ba, ta ce musu Abba ya tsaya shan ruwa ne. Ke kam ban san da bakin da zan gode miki ba, sai mun zauna. Wahalar da na sha a gonar nan ba ta kai rabin wadda kuka sha a Agege ba, domin ni na san ina raye, ku ba ku sani ba.

Hoton asibiti ya nuna targaɗe ne, ba karaya. Ranar ƙarshe ta gasar a ƙasa na yi ta, ina cikin motar kwasa ina taya direba duba taswira. Kaka ta dage sai mai ɗori ya gani, likita ya ce a bar ƙafar ta huta, yanzu dai ana sulhu tsakaninsu.

Waɗanda suka ce mini ganganci ne, kuma har yau ba su canja ra'ayi ba, ku ma na gode, don na san ƙauna ce ta sa. Wasan yana da haɗari, ba zan ce babu ba. Abin da ba na so shi ne samarin da suka cika mini akwatin saƙo suna tambayar inda za su sayi lema ta hannu a intanet. Ba zan faɗa muku ba. Yadin lema yana tsufa ya riƙa zubar da iska, igiyoyi suna miƙewa ko su ƙanƙance, kuma ido ba ya gane wannan sai an auna. Ana farawa ne da malami mai lasisi, da lema 'yar ajin A, a kan ɗan tudu, bayan an daɗe ana wasan ƙasa. Mai so da gaske ya same ni Eleko in ƙafa ta warke, ya fara da kakkaɓe yashi kamar kowa.

Ranar Asabar bayan la'asar za a yi 'yar walima a ƙofar gidan Baba. Zan karanta lissafin karo-karon da aka yi mini, abin da aka kashe da abin da ya rage, ragowar kuma Alhaji da Malam za su faɗi inda za a sa ta. Zan shimfiɗa lemar don yara su taɓa, amma don Allah a bar takalma a gefe. Wanda ban ambata ba ya yafe mini, ya zo ya karɓi tasa godiyar baki da baki. Allah ya bar zumunci.